Dainamo ko altaneta: wanne ya dace da tsohuwar motarka?

Duk wanda ya taɓa riƙe motar shekarun 1950 ko 1960 ya san jan kwan nan da ke gaban direba. Ka tsaya a mararraba da dare, inji yana silo, sai ya fara kyaftawa kamar mai gyangyaɗi, fitilun gaba su dushe, waifa ta riƙa jan jiki. Ka ɗan taka totur, kwan ya mutu, komai ya koma daidai. Sabon shiga yakan ɗauka wani abu ne ya lalace, ya garzaya wurin mai rewaya, alhali haka dainamo, na'urar da ke cajin batir, yake tun ranar da ya baro masana'anta. Shawarar da ake ba shi kusan kullum ɗaya ce: cire shi ka ɗaura altaneta. Ga wasu motoci shawarar daidai ce. Ga wasu kuma asarar kuɗi ce da ɓata mota. Abin da zai raba gardamar shi ne ɗan lissafi, da kuma ka faɗa wa kanka gaskiya kan yadda kake hawan motar.

Aikinsu ɗaya ne: fanbel ya juya su, maganaɗisu ya gifta naɗin waya, wuta ta samu. Inda suka rabu shi ne abin da ke juyawa. A dainamo, naɗin da ke haifar da wutar, wato amica, shi ke juyi a tsakiya, maganaɗisun yana kafe a jikin kwanso. Dole wutar duka ta fito ta wani zoben tagulla mai tsaga-tsaga da ke kan amica, inda buroshin gawayi biyu suke gugarsa suna kwashe ta. Wannan zobe shi ne dabarar da ke miƙar da wutar ta bi hanya ɗaya, irin wadda batir ke sha. Shi ne kuma lagon dainamo. Amica tana da nauyi, bakin naɗinta a liƙe yake da dalma a jikin zoben, in gudu ya wuce kima sai dalmar ta watse, buroshi ya riƙa tsalle yana tartsatsi. Shi ya sa masu ƙera mota suka ba shi fuli mai ɗan girma, yadda ko an ƙure inji ba zai zarce iyakarsa ba, wajen juyi 6,000 a minti. Sakamakon haka kuwa, a silo juyinsa ba ya kai wa ga caji, motar tana cin batir ne kawai.

A altaneta an juya lamarin. Maganaɗisun ne ke juyi, naɗin da ke ba da wuta yana zaune a jikin kwanso inda iska ke sanyaya shi. Buroshinta ba sa ɗaukar komai sai 'yar wutar da ke raya maganaɗisu, amfiya biyu zuwa huɗu, kuma a kan zobe sumul suke zamewa, don haka suna daɗewa ba su cinye ba. Wutar da take haifarwa mai kai-da-komo ce, dayod shida, 'yan ƙananan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ke miƙar da ita. Da yake abin da ke juyi a cikinta dunƙulallen ƙarfe ne, tana jure ninkin gudun dainamo ba tare da ta ji a jikinta ba, sai aka ba ta ƙaramin fuli. Inji na silo, ita tana gudun da ya isa caji. Sai da dayod ɗin silikon ya yi araha kafin ta shiga motocin gama-gari. Chrysler ne ya fara sa ta a Valiant a 1960, MGB ta koma kanta a ƙarshen 1967, Volkswagen Beetle kuwa sai a 1973.

Masu sayar da kayan canji sun fi son zancen yawan amfiya, don shi ne adadin da ke rubuce a kwali. Dainamon Lucas C40, wanda ke cikin ɗimbin motocin Ingila irin su Morris Minor da Mini na farko, iyakarsa amfiya 22. C42 yana kai 30. Altaneta 16ACR ta kamfanin tana ba da 34, 18ACR wajen 45, na zamani kuma 55, 65 har sama. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mota ba ta shan wutar da ba ta buƙata. In kayan wutarka duka amfiya 15 suke ja, altaneta mai 65 ita ma 15 ɗin za ta bayar, sai ɗan abin da batir ya nema. Fifikonta na gaskiya yana a silo da ƙaramin gudu, inda dainamo ke barci.

Saboda haka kafin ka sayi komai, ɗauki biro. Raba wat na kowane kaya da 12, ka sami amfiyarsa. Fitilun gaba biyu masu wat 55 ko 60 suna jan 9 zuwa 10. Ƙananan fitilun gaba da na baya da ta lamba da na agogunan gaban direba, a ce 2 zuwa 3. Kwayil wajen 2. Waifa 3, fankar hita 3. Ga mota a daren ruwan sama ta kai 20, dainamo mai 22 yana riƙe da ita da ƙyar, muddin tana tafiya. Haka masu ƙirar suka auna, kuma ma'auninsu ya yi daidai da zamaninsu, lokacin da ba a shafe rabin sa'a a cunkoso ana rarrafe. To ka ƙara fankar lagireto ta lantarki, wadda ita kaɗai takan ja kusan 10, kuma ba ta tashi sai daidai lokacin da mota ke tsaye dainamo ba ya ba da komai. Ka ƙara fitilun hazo, rediyo mai manyan lasifika, ko na'urar sauƙaƙa sitiyari ta lantarki. Nan lissafi ya karye, kuma duk gyaran da za ka yi wa dainamo ba zai ɗinke shi ba. Wanda jimillarsa ta haura ƙarfin dainamonsa ya riga ya sami amsa.

Wanda bai haura ba kuwa, ya dakata. Mafi yawan ƙorafin da ake ɗora wa dainamo laifin maƙwabcinsa ne, akwatin nan da masu gyara ke kira katawut. Dainamo ba ya iya kame kansa. A bar shi haka zai yi ta ƙara wuta har ya ƙone, in inji ya tsaya kuma batir zai juyo da wuta cikinsa. Akwatin ke hana duka biyun, da 'yan harsunan ƙarfe masu buɗewa da rufewa sau da yawa a daƙiƙa guda. Lucas RB106 naɗi biyu gare shi, RB340 uku. Bayan shekara hamsin bakin harsunan ya ci wuta, sifirin ya saki, an kuma sha murɗa sukurorinsa da ka. Na ga motar da aka canza wa batir sau biyu ana tsine wa dainamo, ashe wayar da ke ɗaure akwatin a bodi ce ta yi tsatsa. Goge wuri ɗaya ya kashe maganar. Yanzu ma akwai katawut na lantarki marar harshe da ake ɓoyewa cikin tsohon akwatin, daga waje ba ka gane an taɓa. Ba zai sa dainamo caji a silo ba, ba zai ƙara masa amfiya ba, amma cajin zai zauna daram, ba sauran dafa batir ko barinsa da yunwa. In aka haɗa da kwan LED a ƙananan fitilu da na birki, nauyin ma ya ragu. A wurina wannan ce hanyar da aka fi mantawa da ita, kuma ita ta fi dacewa da motar da ake fitarwa da rana a ƙarshen mako.

Dainamo yana da wasu halaye da sai ka rasa shi kake tunawa. Ƙarfensa yana riƙe ɗan maganaɗisu ko an daɗe ba a tayar ba, don haka da kansa yake farkawa. Batir ya mutu murus, a tura mota a kan gangara, sau da yawa za ta tashi ta ci gaba da tafiya. Altaneta tana buƙatar ɗan tsarabar wuta daga batir kafin ta fara, in babu ko kaɗan, turi ba ya amfani. Dainamo yana da haƙuri da kuskure: a cire kan batir inji na aiki, ko a haɗa waya a juye na ɗan lokaci, galibi ya tsira. Altaneta kuwa a juya mata kan batir na daƙiƙa ɗaya, dayod sun tafi. A cire batir tana caji, wutar ta yi tsalle ta ƙone abin da ke daidaita ta. Tsohuwar dabarar nan ta zare kan batir don a ga ko ana caji, a dainamo aka koye ta, kuma ta kashe altaneta ba adadi. Sannan gyaran dainamo na hannu ne: buroshi biyu, boris a gaba, bushin tagulla a baya mai son ɗigon mai lokaci-lokaci, goge zobe da share tsagoginsa. Ta ɗaya gefen, wannan hidimar ita ce abin da altaneta ke ɗauke maka. Ka ɗaura ta ka manta da ita shekaru, ga ta da rashin nauyi.

To a ce lissafi ya nuna canji. Cire wancan a ɗaura wannan aikin yini ɗaya ne in komai ya zo da sauƙi, amma akwai tambayar da ke gaba da kowace: wane kan batir ne ke ɗaure a bodi? Yawancin motocin Ingila har tsakiyar shekarun 1960 fozitif ne a bodi, haka ma Ford na Amurka masu bolt 6 har 1955. Dainamo bai damu ba, ko ta wane gefe aka koya masa zai bi. Ana ɗan taɓa wayar wuta a ƙafarsa ta F na ƙiftawar ido, shi ke nan ya karɓi sabon tsari. Altaneta ta gama-gari kuwa negetif a bodi kawai ta sani, don ta cikin kwansonta dayod suke sauka. Ke nan sai an juya motar duka. A juya batir, a musanya ƙananan wayoyi biyu na kwayil, a musanya na agogon amfiya in akwai, in ba haka ba zai riƙa nuna caji a matsayin zuƙa. Sitata ba ruwanta, gefe ɗaya take juyi ko yaya aka ba ta wuta, haka tsofaffin injinan waifa masu naɗaɗɗen maganaɗisu. Inda ake kuka shi ne duk abin da ke da taransisto ko dayod a ciki: rediyon asali, agogon lokaci, agogon juyin inji na lantarki, wasu famfunan fetur na kamfanin SU. Waɗannan sai an gyara cikinsu ko an sauya su, in aka ba su wuta a juye sun ƙone nan take. Wanda ke da rediyon asali mai aiki ya yi tunani sau biyu. Amfanin juyawar dai a fili yake, domin cajar waya da rediyon zamani da yawancin kwan LED duk negetif a bodi aka yi su.

Sai wayoyi, kuma nan ne nake ganin an fi yin ganganci. A motar Lucas mai RB106, ana haɗe wayoyin ƙafafun A da A1 da kakkaurar wayar D wuri ɗaya su zama hanyar caji, siririyar wayar jan kwan kuma a haɗa ta da wayar F, ruwan ƙasa mai ratsin kore, ta tafi ƙaramar ƙafar altaneta. Wasu sukan kwashe cikin akwatin su yi haɗin a ciki don ido ya ga kamar da. Wayo ne mai kyau. Sai dai waccan kakkaurar wayar don amfiya ashirin da 'yan kai aka auna ta, robarta kuma ta shekara sittin tana shan zafi. Ranar da batir ya yi sanyi aka tayar da mota da taimakon wani batir, altaneta mai 65 za ta tura duk ƙarfinta ta cikin wannan tsohuwar waya, ta ratsa bayan allon direba, ta bi ta agogon amfiya da aka rubuta wa iyakar 30. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Maganin shi ne a ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta kai tsaye zuwa inda babbar wayar batir ke sauka a makunnin sitata, da fis babba a kanta. In an yi haka agogon amfiya ya daina faɗin gaskiya, don yawancin wutar ba ta bi ta kansa, sai a maye gurbinsa da agogon bolt ko a bar shi ado. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na goyon bayan sayen mafi girma. Mai 35 zuwa 45 ta ishi kusan kowace ƙaramar mota ta wancan zamani, kuma ba ta wahalar da waya ko siririn fanbel.

Jan kwan nan da muka fara da shi, bayan canji aikinsa ya ƙaru. Ta cikinsa 'yar wutar da ke tayar da altaneta take bi. In ya ƙone, ko wani mai son zamani ya sa LED a gurbinsa, wutar ba za ta isa ba, altaneta ta ƙi farkawa sai an taka totur sosai, wani lokaci ma ta ƙi sam. A bar kwan asali mai wat biyu ko kusa da haka. Akan kuma sami motar da bayan canji a kashe makulli inji ya ƙi mutuwa, saboda wuta na komowa ta wayar kwan zuwa kwayil. Dayod ɗaya a kan wayar yana magance shi.

Wajen ɗaurawa, altaneta ta fi dainamo gajarta da faɗi, don haka sai an sami maƙalin baya na daban, a kuma tabbatar fulinta ya yi layi ɗaya da na inji da na famfon ruwa. Karkata kaɗan tana cinye fanbel. Faɗin ramin fulin ma ya dace da bel ɗin motar, don wasu tsofaffin injina faffaɗan bel gare su. Tana son bel ya ɗan fi ɗaurewa, amma kar a wuce gona da iri, boris ɗin famfon ruwa ne zai biya.

Akwai motocin da dainamo ke ɗauke da wani aiki a bayansa, kuma su ne ke rikita lissafi. A MG TD da TF da Austin-Healey Sprite na farko, wayar agogon juyin inji daga gindin dainamo take fitowa. A Jaguar Mark 2 mai sitiyarin mai, famfon sitiyarin a bayan dainamo yake maƙale. Ka cire dainamo, ka rasa agogo ko sitiyari. A Beetle fankar da ke sanyaya inji a kan sandar dainamo take, don haka sai altanetar da aka ƙera musamman dominta, da sabuwar kujerar da za ta zauna a kai, galibi har da famfon fetur mai karkata da gajeren sandan turinsa, don kada ya gogi cikinta. In kuma motar mai bolt 6 ce, kamar Beetle kafin 1967, tambaya ta zama biyu. Akwai altaneta mai bolt 6, amma yawancin masu canji sukan wuce zuwa 12 gaba ɗaya, wanda ke nufin sabon batir, kwayil, kowane kwan fitila, da abin rage wuta ga agoguna da waifa. Wannan ya wuce aikin yini ɗaya.

Saboda irin waɗannan motoci, da masu kishin kamannin asali, aka fito da altaneta a cikin rigar dainamo, ana sayar da ita da sunaye irin su Dynamator da Dynalite. Tana zama a maƙalin asali, tana ba da wajen amfiya 40 zuwa 45, akwai mai fozitif a bodi, akwai mai mahaɗin agogo ko famfo a baya. A ido ba ta da aibi. Abin da nake ɗari-ɗari da shi zafi ne: altaneta ta saba da kwanso mai tagogi iska na ratsawa, nan kuwa an cusa ta cikin bututu, sau da yawa dab da bututun hayaƙi. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, ingancinta ya danganta da wanda ya ƙera, kuma in ta mutu a hanya ba kowane mai kayan gyara ke da irinta ba, alhali altanetar gama-gari irin su ACR ko Delco 10SI ko ƙaramar Denso ba sa wuyar samu. Maganar waya ma tana nan, rigar ba ta rage amfiya. Zan zaɓe ta ne kawai in akwai abin da ke juyi a bayan dainamo, ko in motar tana zuwa baje koli inda alƙalai ke buɗe bonet, kuma duk da haka lissafin wuta ya fi ƙarfin dainamo.

Game da ƙarfin inji da ake cewa altaneta na ci ko tana ragewa, kada ya shiga lissafinka. Amfiya 45 a bolt 14 wat 630 ne, da asarar da ke ciki bai fi ƙarfin doki ɗaya da rabi ba, kuma sai lokacin da ake jan wutar duka.

Motar da ake hawa kullum, cikin gari, da dare, da fankar lantarki, ni ba na jinkiri a kanta: altaneta matsakaiciya, negetif a bodi, sabuwar waya mai fis. Motar da ta rage yadda aka ƙera ta, mai kayan wuta na asali, wadda tafiyarta ta buɗaɗɗiyar hanya ce, canjin ba zai ƙara mata abin da za ka ji ba, zai dai rage mata daraja a idon mai saye da ya san abin da yake kallo. Masu wuyar hukunci su ne na tsakiya, kuma su mitar auna bolt za ta yanke wa. A ɗora ta a kan batir inji a kashe, lafiyayye zai nuna wajen 12.6. A tayar, a riƙe inji a matsakaicin gudu, a kunna fitilun gaba da waifa da hita. In allura ta tsaya a 13.5 ko sama, dainamo yana riƙe da kayansa. In ta zauna ƙasa da 13 bayan an tabbatar da bel, buroshi, katawut da wayar bodi, ƙarfinsa ya ƙare a nan. In ka canza, kada ka yanke ko waya ɗaya ta asali, naɗe bakinta ka ɓoye. Dainamon da akwatinsa da maƙalinsa da notinansa a zuba su kwali ɗaya, a rubuta ranar da aka cire da gefen batir da ke bodi a lokacin, a ajiye inda laima ba ta kaiwa.